Kishore Kumar: tambayoyi da amsoshi kan mawaƙin da muka san muryarsa kafin mu san sunansa

Duk wanda ya tashi a Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi a zamanin kaset ya sha jin muryar mutumin nan, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. A layinmu akwai wani tela da rikodarsa ba ta hutawa. Tun hantsi yake zura kaset ɗin Indiya, keken ɗinki na gudu a ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuma yana bin waƙar da baki, alhali ko kalma ɗaya ta Indiyanci bai sani ba. In ka tambaye shi waƙar wa ce, sai ya ce ta Amitabh ce, ko ta Rajesh Khanna. Mu ma a haka muka tafi shekara da shekaru. Ashe mai fuskar daban, mai muryar daban, kuma a yawancin waƙoƙin da telan nan ya fi maimaitawa, mai muryar shi ne Kishore Kumar. Ga tambayoyin da masu sha'awar finafinan Indiya suka fi yi a kansa.

Wane ne shi, kuma ɗan ina ne?

Sunansa na yanka Abhas Kumar Ganguly. An haife shi ranar 4 ga Agusta 1929 a Khandwa, wani gari da yanzu yake cikin jihar Madhya Pradesh a tsakiyar Indiya. Iyayensa 'yan ƙabilar Bengali ne da zama ya kai su can. Mahaifinsa, Kunjalal Ganguly, lauya ne, mahaifiyarsa kuma Gouri Devi. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Babban wansa, Ashok Kumar, ya girme shi da kusan shekara 18, kuma tun Kishore yana yaro Ashok ya riga ya zama babban jarumi a kamfanin Bombay Talkies. Ta hannun wan nan nasa ya shiga birnin Bombay, wanda ake kira Mumbai yanzu, ya fara da aikin 'yan amshi a wannan kamfani.

Yaya aka yi muryarsa ta zama ta wasu jarumai?

Tsarin finafinan Indiya ne haka, kuma mu ba baƙonmu ba ne, domin shi Kannywood ta ɗauka. Mawaƙi ke shiga sutudiyo ya rera waƙa, daga baya jarumi ya tsaya gaban kyamara ya yi mamin. Mai kallo yana ganin leɓen jarumi na motsi, sai ya jingina masa waƙar.

Abin da ya fifita Kishore a wannan aiki shi ne shi kansa jarumi ne. Ya san abin da fuska za ta yi a kan kowane baiti, saboda haka yakan bar wa jarumi gurbin murmushi, gurbin ajiyar zuciya, gurbin ɗaga gira, duk a cikin muryar. Ka saurari waƙar da ya yi wa Dev Anand, sannan ka saurari wadda ya yi wa Amitabh Bachchan. Maƙogwaro ɗaya ne, amma a ta farko za ka ji sauƙi da rangwaɗa, a ta biyu nauyi da kauri. Rajesh Khanna kaɗai, Kishore ya rera masa waƙoƙi fiye da 200. A duk rayuwarsa waƙoƙin da ya naɗa sun haura 2,000, yawanci da harshen Hindi, wasu da Bengali, Marathi, Gujarati, Kannada da sauransu.

A wajen wa ya koyi waƙa?

Ba shi da malami. A Indiya wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kiɗan gargajiyarsu ilimi ne da ake zama gaban malami shekaru ana ɗauka, kamar yadda almajiri ke zama gaban alaramma. Mohammed Rafi ya yi wannan karatu, Manna Dey ya yi, Lata Mangeshkar ma a gaban mahaifinta ta fara. Kishore kuwa kunnensa ne makarantarsa. Ya tashi yana kwaikwayon K. L. Saigal, babban mawaƙin zamanin ƙuruciyarsa, har sai da mai tsara kiɗa S. D. Burman ya ji shi, ya ba shi shawarar ya daina ara, ya nemi tasa muryar.

Akwai wani salo da aka san shi da shi, inda yake karya murya daga ta ƙirji zuwa siririya, ya dawo, ya sake tafiya, cikin sauri kamar mai rangaɗa guɗa. Wannan daga faya-fayan garmaho na Turawa ya tsince shi, musamman na Jimmie Rodgers ɗan Amurka da Tex Morton. Rashin malamin ya jawo masa raini a farko. Sai da aka yi ta lallaɓa Salil Chowdhury kafin ya yarda ya ba shi waƙa a 1954, don ya ji cewa bai yi karatun kiɗa ba. Bayan shekara takwas, shi dai wannan Salil ɗin ne ya bar shi ya rera waƙa guda da muryoyi biyu, ta namiji da ta mace, a fim ɗin Half Ticket na 1962.

Da gaske ya yi fitowa a fim, ko waƙa kawai ya yi?

Ya fito a finafinai fiye da 80. Fitowarsa ta farko a Shikari ce a 1946, waƙarsa ta farko kuma a Ziddi a 1948, wadda ya yi wa Dev Anand. A shekarun 1950 ma an fi saninsa a matsayin ɗan wasan barkwanci fiye da mawaƙi, kuma yana cikin jaruman da furodusoshi ke layi a kansu. Chalti Ka Naam Gaadi na 1958, wanda ya fito tare da yayyensa Ashok da Anoop da kuma jaruma Madhubala, yana cikin finafinan da suka fi kawo kuɗi a shekarar. A Padosan na 1968 ya fito a matsayin ubangidan 'yan wasa mai tauna ganyen goron Indiya, wanda ke rera waƙa a ɓoye abokinsa na mamin don ya burge budurwa. Wato aikin da yake yi a zahiri ya mayar abin dariya.

Sai dai shi zuciyarsa ba ta kan fitowa a fim. Ya sha faɗa cewa waƙa ya zo yi, wansa ne ya tura shi gaban kyamara. Wanda ke son ganin Kishore na daban, marar tsalle-tsalle, ya nemi Door Gagan Ki Chhaon Mein na 1964. Shi ya rubuta, ya shirya, ya ba da umarni, ya tsara kiɗa, ya kuma fito a matsayin uban wani yaro da firgici ya ɗauke wa magana. Yaron kuwa ɗansa ne na cikinsa, Amit Kumar.

Yaushe tauraronsa ya haska a fagen waƙa?

A 1969, yana da shekara 40. Wannan lissafi ya kamata matasan mawaƙanmu su riƙe: shekara 21 tsakanin waƙarsa ta farko da lokacin da ya hau kan gaba. Kafin nan fagen na Rafi ne, Kishore kuwa yawanci kansa yake yi wa waƙa, sai Dev Anand. Ga shi kasuwarsa ta fitowa a fim ta ja baya a tsakiyar shekarun 1960, wani ɓangare saboda halinsa na makara da ƙin zuwa wurin ɗaukar fim.

Sai fim ɗin Aradhana ya fito, na darakta Shakti Samanta, da kiɗan S. D. Burman, da wani sabon jarumi mai suna Rajesh Khanna. Fim ɗin ya ɗaga mutum biyu a tare. Daga nan har mutuwarsa, shekara 18, ba a sake samun muryar namiji da ta sha gabansa a kasuwa ba. Mafi yawan abin da kunnenmu ya riƙe daga wannan zango ne, musamman aikinsa da R. D. Burman, ɗan S. D. Burman. Lokacin ne kuma finafinan Indiya suka cika gidajen sinima na Arewa irin su Plaza da El Dorado a Kano, kaset kuma ya shiga kowane shago.

Ta wace hanya kuɗi ke shigo masa?

Ƙofofi huɗu ne. Ta farko ladan fitowa a fim, wadda ita ce babba a shekarun 1950. Ta biyu ladan waƙa, wadda ta karɓi ragama daga 1969. Ta uku wasan dandamali, a biranen Indiya da kuma ƙasashen waje irin su Ingila da Amurka inda Indiyawa ke zaune da yawa. Ta huɗu finafinan da ya shirya da kuɗinsa, ita kuma wannan ƙofa wani lokaci ta shigo da riba, wani lokaci ta fita da abin da sauran suka tara.

Ƙofa ta biyu ce ke buƙatar bayani, domin a nan mutane ke kuskure. Ana ɗauka cewa mawaƙin da aka sayar da miliyoyin faya-fayansa dole kowane faifai ya ɗiga masa wani abu. A zamaninsu ba haka abin yake ga yawancin mawaƙa ba. Furodusa ke biyan mawaƙi kuɗin waƙa sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Waƙar ta zama ta furodusa da kamfanin faifai, wanda a lokacin HMV ne babba, wanda yanzu ake kira Saregama. Ko an shekara hamsin ana sa ta a rediyo, mai muryar ya riga ya karɓi nasa. A kan wannan batu ne Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka saɓa a farkon shekarun 1960. Ita ta ce dole a ba mawaƙi kaso daga cinikin faifai, shi ya ce wanda aka biya ladansa ba shi da sauran magana. Har suka yi shekaru ba sa waƙa tare. Sai a 2012, shekara 25 bayan mutuwar Kishore, majalisar Indiya ta gyara dokar haƙƙin mallaka ta yadda ta amince wa mawaƙa da kason kuɗi in an yi kasuwanci da muryarsu.

Wanda ya gane wannan ya gane Kishore. In ladan nan guda ɗaya shi ne kaɗai rabonka daga waƙa har abada, to ranar da ka bari aka ce maka "gobe", ka yi aikin banza.

To me ya sa ake cewa yana da son kuɗi?

Saboda ba ya buɗe baki sai an biya. An san shi da cewa ba ya fara rera waƙa a sutudiyo sai sakatarensa ya ba shi alamar cewa kuɗi sun shiga hannu. Labaran da ake bayarwa a kan haka suna da yawa. Wanda ya fi yawo shi ne na ranar da furodusa ya ba shi rabin kuɗi, sai ga shi a wurin ɗaukar fim da kwalliya a rabin fuska, ya ce rabin kuɗi, rabin kwalliya. Ana kuma ba da labarin cewa darakta Hrishikesh Mukherjee, wanda shi ma Babengale ne, ya je gidansa don ya ba shi matsayin jarumin fim ɗin Anand, maigadi ya kore shi daga bakin ƙofa, saboda Kishore ya ce kada a bar wani Babengale ya shigo, yana nufin wani mai shirya wasa da ya riƙe masa kuɗi. Fim ɗin ya koma hannun Rajesh Khanna, ya zama ɗaya daga cikin manyan ayyukansa. In labarin haka yake, to taurin kan ya ci shi a wannan karo.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin kwaɗayi ba. Masana'antar fim ta Bombay a wancan zamani cike take da alkawarin baka da cakin da banki ke dawowa da shi. Akwai jarumai da mawaƙa da suka yi tashe suka ƙare ba su da na magani. Duk wanda ya san yadda mawaƙi a Kano ke karɓar kafin alƙalami, ya yi aiki, sannan ya yi ta sintiri a kan cikon kuɗinsa har takalmi ya ƙare, ya san ciwon da mutumin nan yake gudu. Bambancinsa da saura shi ne yana da ƙarfin da zai ce a'a, kuma ya yi amfani da shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce inda bai karɓi kuɗi ba. Waƙar da ya yi wa darakta Satyajit Ray a fim ɗin Charulata na 1964 kyauta ya yi ta, don girman da yake ba mutumin. Da Rajesh Khanna ya shirya fim nasa na kansa a 1985, nan ma bai karɓi ko anini ba. Mai rowa na gaske ba ya zaɓen wanda zai yi wa rowa.

Ina gaskiyar rigimarsa da hukumar haraji?

Ta faru, kuma ta daɗe tana binsa. An tara masa bashin haraji mai nauyi, jami'ai sun sha zuwa gidansa, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya dage da wasan dandamali, domin a can ne kuɗi ke zuwa da yawa a dare ɗaya. A waɗannan shekaru harajin masu babban samu a Indiya ya yi tsanani ƙwarai, har a farkon shekarun 1970 kason da ake yanka a saman kuɗin shiga ya haura kashi 90 cikin 100. Wannan bai wanke shi ba, haƙƙin hukuma haƙƙi ne, amma ya nuna yanayin da taurarin lokacin suka yi aiki a ciki. Ana ma cewa Chalti Ka Naam Gaadi ya shirya shi ne da fatan ya faɗi, don ya nuna wa hukuma asara, sai fim ɗin ya ƙi faɗuwa.

A cikin wannan fim akwai waƙar da makanike ke bin wata budurwa bashin rupi biyar da ana goma sha biyu. A tsohon lissafin kuɗin Indiya ana goma sha shida ke yin rupi ɗaya, wato bashin bai kai rupi shida ba. Mutanen Indore suna cewa adadin da mai kantin abinci na kwalejin da ya yi a garinsu yake binsa ke nan.

Da gaske gwamnati ta taɓa hana sa waƙoƙinsa?

Ƙwarai. A watan Yuni 1975 Firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, aka tsare 'yan adawa, aka sa wa jaridu takunkumi. Jami'an ma'aikatar yaɗa labarai, wadda V. C. Shukla ke riƙe da ita, suka nemi Kishore ya shiga cikin masu tallata shirye-shiryen gwamnati da waƙa. Ya ƙi. A watan Mayu 1976 aka cire muryarsa daga gidan rediyon All India Radio da talabijin na Doordarshan. A lokacin babu wata tashar rediyo ko talabijin a ƙasar sai ta gwamnati, saboda haka an toshe masa babbar hanyar da waƙa ke bi ta isa kunnen jama'a, a daidai ganiyar tashensa. Bayan faɗuwar gwamnatin a 1977, hukumar bincike ta Mai Shari'a Shah ta saurari wannan batu cikin abubuwan da aka yi na wuce gona da iri. Manyan taurari da yawa sun bi sahu a wancan lokaci don su tsira da sana'arsu. Shi ya san abin da zai rasa, ya kuma ƙi.

Mata nawa ya aura? Kuma ya musulunta ne?

Aure huɗu ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko Ruma Guha Thakurta, daga 1950 zuwa 1958, ita ce mahaifiyar Amit. Ta biyu Madhubala, daga 1960. Ta uku Yogeeta Bali, daga 1976 zuwa 1978. Ta huɗu Leena Chandavarkar, daga 1980 har mutuwarsa, ita ta haifa masa Sumit.

Auren Madhubala ne ke jawo tambaya ta biyu. Musulma ce, sunanta na gaskiya Mumtaz Jehan Begum Dehlavi. An haife ta da huji a zuciya, ciwon da likitocin lokacin ba su da yadda za su yi da shi. Kusan duk shekarun auren a kwance ta yi su, ta rasu ranar 23 ga Fabrairu 1969 tana da shekara 36, 'yan watanni kafin fitowar fim ɗin da ya sauya rayuwar mijinta. An daɗe ana yaɗa cewa ya karɓi Musulunci don ya aure ta, amma ƙanwarta ta fito ta ce bai sauya addini ba, kuma da ya mutu bisa al'adar Hindu aka ƙona gawarsa.

Tsakaninsa da Mohammed Rafi wa ya fi?

Wannan gardama ba ta ƙarewa a majalisar masu son waƙar Indiya, kuma nan Arewa Rafi yana da magoya baya masu yawa. In batun ƙwarewa ne da sanin ƙa'idar kiɗa da iya hawa sama da murya ba tare da ta girgiza ba, Rafi ne. In batun murya ce mai kama da ta mutumin da ke zaune kusa da kai yana gaya maka damuwarsa, Kishore ne. Ni ina tare da na biyu, amma ban taɓa jin haushin wanda ya zaɓi na farko ba. Su kansu ba su yi gaba ba. Sun yi waƙoƙi tare, kuma da Rafi ya rasu ranar 31 ga Yuli 1980, Kishore na cikin waɗanda suka zauna gaban gawarsa suna kuka.

Lambobin yabo fa?

Ya ci lambar Filmfare ta gwarzon mawaƙi namiji sau 8, ta farko a 1970, ta ƙarshe a 1986, huɗu na ƙarshen a jere. An yi shekaru masu yawa babu namijin da ya kai wannan adadi. Gwamnatin Madhya Pradesh kuma ta kafa lambar yabo da sunansa a 1997.

Yaya ƙarshensa ya kasance, kuma me ya bari?

Duk da ɗaukakar, Bombay ba ta taɓa kwanta masa ba. A wata doguwar hira da ɗan jarida Pritish Nandy ya yi da shi a 1985, ya ce ba shi da abokai a birnin, ya fi son hira da itatuwan gidansa, kuma burinsa ya tattara ya koma Khandwa. Ko a dandamali yakan gabatar da kansa a matsayin Kishore Kumar mutumin Khandwa.

Gidansa na unguwar Juhu, mai suna Gouri Kunj, wanda ya haɗa sunan mahaifiyarsa da na mahaifinsa, yana hannun iyalinsa, kuma a 2022 ɗan wasan kurket Virat Kohli ya karɓi hayar wani sashe ya buɗe gidan abinci. Ɗansa Amit Kumar ya gaji sana'ar, har shi ma ya ci lambar Filmfare.

Ranar 12 ga Oktoba 1987 ya shiga sutudiyo ya naɗi waƙa tare da Asha Bhosle. Washegari, 13 ga wata, zuciyarsa ta buga a gidansa, yana da shekara 58. Ranar ta zo daidai da ranar haihuwar wansa Ashok Kumar, wanda ke cika shekara 76, kuma daga wannan shekara bai ƙara yin bikinta ba. Aka ɗauki gawar aka kai ta Khandwa.